Tsakanin Bushewa da Ruɓewa: Yadda Ake Samun Azaliya daga Reshe

Duk wanda ya taɓa ganin hoton lambunan Japan na watan Afrilu ko Mayu, ya ga wasu gajerun itatuwa da aka yi wa aski suka dunƙule, fure ja da fari da ruwan hoda ya rufe su ruf har ba a ganin ganye, to azaliya ce ya gani. Ita ce ke ƙawata unguwannin kudu maso gabashin Amurka, inda birnin Wilmington na jihar Karolina ta Arewa ke yi mata biki kowace shekara. Ita ce kuma masu lambun yankin Gent a Beljiyam ke fitarwa cikin tukwane, miliyoyi a shekara, zuwa kasuwannin Turai. Mafi yawan waɗannan itatuwa ba shuka su aka yi ba. Reshe aka yanko daga jikin wata uwa, aka soke a ƙasa, aka yi ta lallaɓa shi har ya yi saiwa.

Manominmu ba baƙo ba ne a wannan fage. Haka ake yi wa rogo da rake da dankali, haka ma aguwar da ake shinge da ita. Sai dai karan rogo kakkaura ne, cike yake da abinci da ruwa, ba ganye a jikinsa balle ya zuƙe shi. Ana binne shi sai ya kama gabansa. Reshen azaliya kuwa siriri ne, tsawonsa bai fi yatsa ba, ga ganye a kansa yana ta fitar da ruwa, ga shi ba saiwar da za ta mayar masa da abin da ya fita. In an bar shi a sarari, kafin azahar ya yi yaushi. In an yi masa ambaliyar ruwa don tausayi, gindinsa ya ruɓe. Duk wata dabara da masu lambu suka gada a kan wannan aiki, ta raya shi ce tsakanin waɗannan halaka biyu har mako huɗu zuwa takwas, kafin ya iya sha da kansa.

Wani zai ce, to me ya hana a shuka iri a huta? Ai azaliya tana yin 'ya'ya, kuma suna tsira. Matsalar ita ce kusan duk azaliyar lambu ruwa-biyu ce, an yi ta haɗa wannan da waccan tun kaka da kakanni. Irin da aka ɗebo daga uwa mai farin fure da jan zane yana iya ba da 'ya'ya ɗari, kowa da kamarsa, ba wanda ya ɗauko uwar sak, kuma sai an yi jiran shekara uku ko fiye kafin a ga abin da aka samu. Reshe kuwa ba ɗa ba ne, uwar ce da kanta ta koma wata tukunya. A 1692 wani mai lambu a Edo, birnin da ya zama Tokyo, mai suna Ito Ihei, ya wallafa littafin da ya siffanta ɗaruruwan nau'o'in azaliya, kuma wasu daga cikinsu suna nan da ransu a lambuna har yau, don kawai hannu ya yi ta miƙa wa hannu reshe. A 1918 Ernest Wilson, Baturen Ingila mai yawon neman tsirrai wa lambun Arnold na Jami'ar Harvard, ya je garin Kurume a tsibirin Kyushu ya zaɓi nau'i 50, suka sauka Amurka a 1919. Daga baya B. Y. Morrison ya fitar da nau'i 454 a tashar gwaji ta Glenn Dale a jihar Maryland. Kowanne daga cikin waɗannan, a farkonsa, itace ɗaya tilo ne a duk duniya. Da ya mutu a lokacin ba a ɗauki reshensa ba, da shi ke nan.

Masana tsirrai sun daɗe da shigar da azaliya cikin babban gidan Rhododendron, ko da yake Linnaeus a 1753 gida daban ya ba ta. Wannan muhawarar malamai ce. Rabon da ya shafi mai riƙe da reza guda ne: akwai azaliyar da ke riƙe ganyenta duk shekara, akwai wadda ke kaɗe shi in sanyi ya shigo. Ta farkon daga gabashin Asiya ta fito, Japan da Sin da Koriya da Taiwan, kuma tana da sauƙin kai, har ɗan koyo yana iya dacewa da ita a gwajin farko. Ta biyun yawancin danginta 'yan Arewacin Amurka ne, da wata mai rawayan fure a tsaunukan Kokasas da arewacin Turkiyya, da wata a Sin da Japan. Ita kam taurin kai gare ta. Da yawa daga cikin masu cewa reshen azaliya ba ya kamawa, umarnin ta farko suka bi a kan ta biyu.

Abin da ya fi komai nauyi a wannan aiki, a ganina, shi ne ranar da aka yi yankan. Azaliya tana gama fure, sai ta fitar da sabon toho daga ƙarƙashin inda furen ya bushe. Da farko tohon ruwa ne zalla, kore shar, in ka lanƙwasa shi sai ya bi hannunka ya kwanta. Irin wannan yana da kuzarin yin saiwa, amma ba ya jure ko ɗan ƙishi, kuma funfuna na cinye shi nan da nan. In aka yi jinkiri har kaka, sai ya zama icce sosai, ɓawonsa ya yi ruwan ƙasa, ya ƙarye ƙaras in an tanƙwara shi. Shi kuma yana jure ƙishi, amma saiwa sai ya ga dama. Abin da ake nema yana tsakani: reshen bana wanda ganyensa ya gama buɗewa ya yi kauri, gindinsa ya fara sauya launi, yana turje wa yatsa amma bai ƙarye ba. A ƙasashen arewacin duniya wannan yakan faɗo ne daga Yuni zuwa Yuli ga mai riƙe ganye, ko da yake kowane nau'i da nasa lokacin, kuma shekarar da zafi ya zo da wuri komai yakan matso gaba. Shi ya sa tsofaffin masu lambu ba sa tambayar kalanda, reshen suke taɓawa. Ita kuwa mai kaɗe ganye dole a riga wannan lokaci, a yanke ta tun tohon yana da laushi, wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, saboda wani dalili da za mu zo kansa.

Ranar yanka tana farawa ne tun jiya da yamma, lokacin da ake shayar da uwar ta ƙoshi. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, mai lambu yake fita da almakashi mai kaifi da leda da aka yayyafa wa ruwa a ciki. Ba ya ɗaukar doguwar sandar nan mai ƙarfi da ke harbowa daga gindi, ba ya kuma ɗaukar ramammen reshen da ke can cikin duhun itacen. Na gefe yake bi, matsakaita, masu lafiya. Yana yanka yana jefawa a leda, yana rubuta suna a ɗan kati, domin rassan azaliya in ba fure duk kamarsu ɗaya. In ya koma inuwa sai ya daidaita kowanne zuwa santimita 5 zuwa 10, ya yanke gindin a ƙasan gaɓa kaɗan, ya tsige ganyen ƙasa ya bar huɗu ko biyar a sama. In ganyen manya ne ya rage rabinsu da almakashi, don ya rage ƙofar fitar ruwa. In akwai ƙullin fure a ka, ya tsinke shi da farce ba tare da tausayi ba: reshen da ke shirin fure ba ya mai da hankali ga saiwa. Wasu sukan ɗan kankare ɓawon gindin ta gefe ɗaya, kamar santimita guda, don saiwa ta fi son fitowa ta bakin rauni. Sai a huda rami da fensir, a zura reshen kamar sulusinsa, a danna ƙasar a hankali ta kama shi, a ba shi ruwa sau ɗaya mai kyau.

Na ce ƙasa, amma ba ƙasar gona ba ce. Saiwar azaliya siririya ce ƙwarai, tana yaɗuwa ne a sama-sama, kuma iska take buƙata kamar yadda take buƙatar ruwa. Ƙasar gona in ta jiƙe sai ta dame ta toshe, reshen ya shaƙe. Turawa da Amurkawa sun fi amfani da haɗin abu biyu, rabi da rabi: ruɓaɓɓiyar gansakukar fadamun ƙasashen sanyi, wadda ke riƙe danshi, da wani farin tsakuwa marar nauyi da ake samu in an gasa dutsen aman wuta ya kumbura, wanda ke buɗe wa iska hanya. Wasu suna sa niƙaƙƙen ɓawon itacen fayin ko yashi mai tsakuwa. Japanawa suna da tasu, wata rawayar ƙasar aman wuta da ake haƙowa a Kanuma ta lardin Tochigi, da ita suke renon azaliyar satsuki tun daga reshe har ta tsufa. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne tsami. Azaliya tana son ƙasar da ma'aunin pH ya nuna tsakanin 4.5 da 6. In ya haura haka, sinadarin ƙarfe yana nan a ƙasar amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, sai ganye ya koɗe ya yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai su saura kore. Ko da haɗin ya yi daidai, ruwan rijiya mai alli yana iya ɓata shi sannu a hankali, shi ya sa ruwan sama ya fi. Taki kuwa ba a sa shi sam a wannan mataki. Reshe ba shi da bakin ci, gishirin takin zai ƙone gindin ne kawai.

Saura iska. Tunda reshen ba ya iya sha, sai a hana shi zubar da abin da ke jikinsa, wato a kewaye shi da iskar da ta riga ta ƙoshi da danshi. Mai 'yan tukwane kaɗan leda mai haske ta ishe shi: ya kafa 'yan sanduna don kada ta taɓa ganye, ya rufe, ya ɗaure baki. In ɗigon ruwa ya taru a cikin ledar, lafiya. A nan ne kuma tarko yake. Ganyen yana buƙatar haske don ya dafa abincin da zai gina saiwa, amma in rana ta bugi rufaffiyar leda kai tsaye, cikin awa guda ta dafa rassan. Wani Ba'amurke mai suna Guy Nearing ya warware wannan da wani akwati mai rumfa da ke fuskantar arewa, sama a buɗe take gare shi amma rana ba ta taɓa leƙa cikinsa, kuma masu sha'awa suna ƙera irinsa har gobe. Manyan gandaye kuwa tun tsakiyar ƙarni na 20 suka koma ga na'urar feshi mai sakin hazo na 'yan daƙiƙoƙi a kai a kai, da bututun ɗumi a ƙarƙashin tebur mai riƙe gindin rassan a wajen digiri 21 zuwa 24 na Salshiyas. Gindi da ɗumi, kai da sanyi, haka reshe yake so.

To, ina batun hodar saiwa da ake sayarwa a kwalba? Tarihinta na gaskiya ne. A 1934 Kenneth Thimann da Frits Went a Kalifoniya suka nuna cewa wani sinadari da tsiro ke ƙerawa a kan tohonsa, ya gangaro ƙasa, shi ke umartar gindi ya fitar da saiwa. A 1935 Zimmerman da Wilcoxon na cibiyar Boyce Thompson a jihar New York suka nuna ƙarfin wani ɗan'uwansa da ake haɗawa a ɗakin gwaji, IBA, wanda shi ne a yawancin hodar yau. Tana aiki, ba musu. Tana gaggauta saiwa, tana sa ta fito da yawa kuma a tare. Amma an zuzuta ta fiye da ƙima. Azaliya mai riƙe ganye, in an yanke ta a kan kari, sau da yawa tana kamawa ko ba hoda, kuma Japanawa sun yi ƙarnuka suna yi kafin a san sunan sinadarin. Mai rauni ta ishe ta, kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin ɗari. Mai ƙarfin kashi 0.8 ta masu taurin kai ce, in an shafa wa reshe mai laushi sai gindin ya yi baƙi. Ana tsoma gindin ne a kaɗe abin da ya yi yawa. Ba hodar da za ta ceci reshen da aka yanka a makare ko aka bari ya yi yaushi a aljihu.

Daga nan sai haƙuri. Babbar cutar ɗan koyo ita ce tumɓuke reshe kowane kwana uku ya ga ko ya yi saiwa, alhali kowace tumɓuka tana tsinke wadda ta fara leƙowa. Bayan mako biyar ko shida a ɗan ja shi a hankali. In ya turje, ya kama. Ko a lokacin ba a yaye ledar rana ɗaya. Ana buɗe baki kaɗan yau, a ƙara gobe, har mako ɗaya ko biyu, domin ganyen da ya saba da danshi yana iya ƙonewa a iskar waje ko da saiwa a ƙarƙashinsa. Duk ganyen da ya faɗi a cikin leda a tsince shi, don daga gare shi funfuna ke tashi. Almakashi da tukwane a wanke su da bilic ko sifirit kafin aiki. Cutar ruɓewar saiwa ta Phytophthora ruwa take bi, kuma ƙasar da ta jiƙe sharkaf ita ce gidanta.

Yanzu mu koma ga mai kaɗe ganye. Abin takaici game da ita shi ne, tana iya yin saiwa mai kyau, mai lambu ya yi murna, kaka ta zo ganye ya zube kamar yadda ya kamata, amma in sanyi ya wuce sai ta ƙi farkawa. Dalili kuwa, duk ɗan abincin da ke jikin reshen ya ƙare wajen gina saiwa, ya shiga barcin hunturu da rumbu wayam. Magani shi ne a sa ya yi sabon toho kafin sanyi, ya tara guzuri. Shi ya sa ake yanka ta da wuri, shi ya sa kuma ake kunna mata fitila da dare a tsawaita yininta zuwa awa 16 ko fiye, don kada ta ankara cewa rana ta fara gajarta. Sannan ba a taɓa saiwarta ko a sauya mata tukunya sai ta farka a shekara mai zuwa. Wahalar nan ce ta sa gandayen kasuwa suka karkata ga renon ɗan tsiro a kwalba a ɗakin gwaji, kuma ta wannan hanya nau'o'i masu jure tsananin sanyi, irin jerin Northern Lights da Jami'ar Minnesota ta fara fitarwa a 1978, suka wadata a kasuwa. Mai son itace ɗaya ko biyu kawai yana da hanyar da ta fi duk wannan sauƙi: ya kwantar da reshen ƙasa-ƙasa ba tare da ya yanke shi ba, ya kankare cikinsa, ya binne, ya ɗora dutse. Uwa tana shayar da shi yana saiwa, bayan shekara ɗaya ko biyu a raba su.

Na ce ɗazu reshe uwar ce da kanta. Satsuki tana ɗan ƙaryata ni. Itace ɗaya nata yana iya yin farin fure a wannan reshe, mai zane a wancan, ja zalla a na ukun, kuma kowane reshe halinsa yake tafiya da shi. Wanda ya yanko daga mai ja zalla, yawanci ja zalla zai yi ta samu, zanen ba ya dawowa. Don haka masu renonta sukan ɗaura zare a reshen da furensa ya nuna cikakkiyar kamar nau'in tun ana cikin fure, su dawo gare shi lokacin yanka. Akwai kuma batun doka. Tun 1930 Amurka ke ba da haƙƙin mallaka a kan sabon nau'in tsiro, kuma muddin haƙƙin yana aiki, shekara 20 a dokar yanzu, yankan reshensa don yaɗawa ba da izini ba laifi ne, ko da kai ka sayi uwar da kuɗinka. Turai ma tana da nata tsarin.

Ko za ta yi a ƙasarmu? A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ban ba kowa shawarar ya ɓata kuɗinsa ba. Zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu sun fi ƙarfinta, kuma abubuwan da mai lambunmu ya saba gyara ƙasa da su, toka da kashin kaji, su ne ainihin abin da ba ta so: toka tana kashe tsami, kashin kaji yana ƙone siririyar saiwa. In akwai fata, to a tudu take, a Jos da ke sama da mita 1,200, ko tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda ganyen shayi ke yi. Shayi ma ƙasa mai tsami yake so, kuma da reshe ake yaɗa shi a ƙarƙashin leda da rumfa, don haka hannun da ya iya wancan ba zai sha wuya da wannan ba. Wanda zai gwada ya nemi mai riƙe ganye daga nau'o'in da suka saba da ɗumi, ya manta da mai kaɗewa, domin ita sai da sanyi na gaske take fure.

Ya kuma san abin da yake kawowa gida. Ganyen azaliya da furenta suna da guba. Marubucin Girka Xenophon ya ba da labarin yadda sojojin Girka suka sha zuma a kusa da Trabzon ta Turkiyyar yau, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, suka zube suna amai da gudawa kamar waɗanda aka ci da yaƙi, kuma furannin wannan dangi ne ƙudan zumar yankin ke bi. Awaki da tumaki suna ci, yana kuma iya kashe su. Duk mai dabbobi a gida ya fara kafa shinge kafin ya soke reshen farko.